Tsakanin alƙalami da lungunan Birni

Ni haifaffen Birni ne, cikin garin Damagaram, kuma ɗan baduku. Shekara 13 ke nan ina cin abinci da rubutu ba tare da ina ƙarƙashin wata ma'aikata ba. A ba ni aiki in rubuta, a biya ni ranar da aka ga dama. Yau ina da shekara 42, da mata da 'ya'ya uku, kuma wata magana ta hana ni sakat: in rage rubutun nan in koma yi wa baƙi jagora a cikin gari, aikin da masu jin Faransanci ke kira gid. Har yanzu ban yanke shawara ba. Na dai ga ya kamata in faɗi yadda aka yi na iso nan, ko wani da sana'arsa ke mutuwa a hannunsa zai tsinci abin da zai amfane shi.

Tun ina yaro na san masu wannan aiki, kuma tun ina yaro na raina su. A ƙarshen shekarun 1980 Nasara kan ratso Sahara daga Aljeriya da tsofaffin motocin Fijo, su biyo ta Agadas da Tanut su sauka garinmu, wasu su sayar da motar su koma gida ta jirgi. Mu yara sai mu bi su a baya muna ihun "kado, kado". A gabansu kullum akwai wani saurayi mai baƙin tabarau, yana zuba Faransanci yana nuna musu zanen bangon gidaje. Shi ke kawo su rumfar mahaifina, inda ake ɗinka jakunkuna da titimi da kuben wuƙa da takalman fata. In sun saya sun tafi, da la'asar sai ya dawo shi kaɗai karɓar rabonsa. Baba zai ƙirga ya miƙa masa ba tare da ya ɗago kai ba, in ya fita ya ce: "Ni na jeme, ni na yanka, ni na ɗinka, shi kuma da baki kawai." Wannan magana ta zauna mini. Na tashi da cewa jagoran baƙi ɗan kamasho ne mai cin gumin wani, shi ke nan.

Baba ya sa ni lakwal don kada in gaji basilla. Na ci jarrabawar Bak ta ƙarshen sakandare, na tafi jami'a a Yamai, na dawo na zama malamin kwantaragi a wani ƙauye kan hanyar Tanut. Albashi kan yi jinkiri, ruwan sha sai an saya, ni kuma zuciyata ba ta wajen alli. A 2012 wani furoje ya ba ni ɗan littafi kan ciwon tamowa in juya shi daga Faransanci zuwa Hausa. A mako ɗaya na sami abin da ya fi albashina na wata. Ban sake komawa aji ba.

Shekarun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi fassara, na rubuta wasannin kwaikwayo na rediyo kan rigakafi da tsaftar ruwa, na rubuta rahotanni, wani lokaci da labarai ga jaridun waje da ba su da wakili a nan. Na yi aure, na sayi babur da kwamfuta, na yi wa Inna rufin kwano. Amma aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne wanda ake kira labarin wanda ya amfana. Za a ɗauke ka a mota mai sanyi a kai ka ƙauye wajen Mirya ko Matamaye, a zaunar da kai gaban wata baiwar Allah da aka ba awaki uku. Ka tambaye ta yadda take kafin awakin, ka tambaye ta yadda take bayan awakin, mai hoto ya ɗauka, a dawo. Sai ka rubuta yadda rabin farko zai sa mutum hawaye, rabin ƙarshe ya sa shi ciro kuɗi. In ka aika, wani lokaci a dawo maka da shi a ce wahalar ba ta fito sosai ba, ka ƙara.

Na ƙware a wannan ƙarin. Na san kalmomin da ake so. Damagaram ɗin da na riƙa sayarwa ita ce ta tamowa, da auren wuri, da layin jarkoki a bakin famfo, da 'yan fale, wato gungun samarin unguwar Kara-Kara, da matan Kance masu tafiya bara Aljeriya, musamman bayan mutum 92 sun mutu da ƙishirwa a hamada a watan Oktoba na 2013, akasarinsu mata da yara. Babu ƙarya a ciki, duk abubuwan nan suna nan. Sai dai cikin shekara goma ban taɓa rubuta shafi ɗaya kan maginan da suka yi wa gidajen Birni zane ba, ko kan sana'ar ubana, domin ba wanda ya taɓa cewa zai biya. Abin da kuma ban tsaya na lura da shi ba a lokacin: ko ɗaya daga cikin mutanen da na rubuta labarinsu bai taɓa karanta abin da na rubuta ba. Da Faransanci yake, a wata ƙasa ake karanta shi. In na yi kuskure, in na ƙara gishiri, ba mai tare ni a hanya.

Aiki ya fara ja da baya lokacin korona a 2020, ya ɗan farfaɗo, sannan aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da take ba mu. Masu ba da agaji da yawa suka dakatar da kuɗinsu. Mutumin da ke rayuwa da kwamfuta da intanet, ga shi ba wuta, ga shi ba mai neman rahoto. Ɗan abin da ya rage na fassara kuma ya sake kama: sai a turo maka abin da na'ura ta riga ta juya, a ce gyara kawai za ka yi, a ba ka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da. Alhali gyaran Hausar na'ura ya fi sabuwar fassara cin rai, kamar a ba ka rigar da aka ɗinka a karkace a ce ka miƙe ta ba tare da ka farke ba. Wasu da na yi wa aikin wata biyu suka tattara suka bar ƙasar da jika 300 nawa, wato sefa dubu 300. Har yau ina da takardar.

Wannan lokacin shi ne ba na son tunawa. Na sayar da babur. Littafin bashina wajen mai shagon unguwa ya kai shafi na uku, na koma zagayawa ta wani lungu don kada mu haɗa ido. Kullum da safe sai in rataya jakar kwamfuta in fita kamar mai zuwa aiki, in je fada, wato majalisar abokai, in zauna a sha shayi har azahar. Dare kuwa ba barci. Ciki ya fara ciwo, likita ya ce gyambon ciki ne, ya tambaye ni ko ina da damuwa, na ce a'a. Matata ta fara yin alkaki tana ba yara su kai tasha. Da shi muka ci abinci wata da watanni, ni kuma ina ta nuna kamar ban sani ba.

Ranar da aka koro babbar 'yata daga makaranta kan kuɗin wata, na shigo na tarar da ita zaune a zaure da kayan makaranta a jikinta. Da dare matata ta ce: "Maigida, jakar nan da kake fita da ita, na san ba aiki kake zuwa ba. Ban ce komai ba don kada in ƙara maka. Amma ka daina wahalar da kafaɗarka." Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Na juya fuskata bango na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Baba.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Wajen babbar sallah wani abokina direba mai jigilar Kano ya kira ni. Ya ce ya ɗauko wani Alhaji da 'ya'yansa biyu, kakansa daga Damagaram ya tashi ya koma Kano tun zamanin Turawa, yana son ya ga garin, yana neman wanda ya san tarihi. "Kai ne ɗan boko, ka zo ka zaga da su, ba za ka rasa na cefane ba." Raina ya sosu, na tuna mai baƙin tabarau. Amma ba ni da ko dala a aljihu, sai na je.

Tarihin littafi kam ina da shi, domin tun a jami'a na karanta aikin André Salifou kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda yanzu jami'ar garinmu ke ɗauke da sunansa. Na kai su ƙofar fada suka ga dogarai, na ba su labarin yadda masarautar ta taso tana kai gaisuwa Barno, har zamanin Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera igwa a cikin gari. Muka tsaya a tsohon masallaci. Na nuna musu gidan da aka ce Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, Bajamushen nan da ke kiran kansa Abdulkarim, kafin ya wuce Katsina da Sakkwato a farkon 1853. Na faɗa musu yadda aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da yadda Faransawa suka dawo a 1899 aka gwabza a Tirmini suka ci garin, da yadda Zinder, wato Damagaram, ta zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har aka mayar Yamai a 1926. Da na ambaci Kuran Daga, Alhaji ya yi dariya ya ce ai sun san shi, shi ne ya kai wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu. Na ce to ga jikokin waɗanda suka kai, ya ce ga kuma jikan waɗanda suka koro. Muka yi ta tsokanar juna har Zango, unguwar da ayarin Abzinawa da fataken arewa ke sauka a da.

Bakina ya buɗe, na ji kaina kamar malamin jami'a. Nan ne Allah ya nuna mini iyakata.

Mun dawo Birni da yamma, muka shiga wani lungu mai gida da zane a fuskarsa da zankwaye a sama. Na tsaya na shiga bayani, wannan alama tana nufin kaza, wannan an yi ta ne don kaza, duk abin da na tsinta a rubuce-rubucen Turawa. Ashe akwai wata tsohuwa zaune kan tabarma a bakin zauren tana gyaran zogale, ban ma gan ta ba, ko in ce na gan ta ban lissafa ta ba. Sai ta ce: "Yaro, ɗan wane gida ne kai?" Na faɗa mata. Ta ce: "Allah ya ji ƙan ubanka, shi yakan yi sallama." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na gaishe ta, baƙin ma suka gaishe ta. Ta ce wa ya gaya mini abin da nake faɗa. Na ce a littafi na gani. Ta ce to mai littafin bai tambaye ta ba. Uban mijinta ne ya sa aka yi zanen shekarar da ya dawo daga Makka, maginin maƙwabcinsu ne, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake shafe bangon in ba haka ba damina ta cinye shi. Ta nuna mana inda aka yi gyara da siminti, ta ce tun daga ranar bangon ke riƙe danshi yana kumbura.

Alhaji ya zauna a ƙasa gabanta ya ce: "Iya, ko kin taɓa jin labarin mutanen gidan wane?" Ya faɗi sunan kakansa da sana'arsa. Ta yi shiru, ta kira wata jikarta ta ce ta raka mu gida na huɗu bayan kwana, mu tambayi tsohon da ke ciki. Ba zan tsawaita ba. Kafin magariba Alhaji yana zaune a zauren 'yan uwan kakansa, mutum mai furfura yana share hawaye da bakin rawani. Duk shekarun da na jero masa tun safe ba su kai shi ƙofar nan ba, tambaya ɗaya ga tsohuwa ta kai shi.

Ya ba ni jika 40 da za su tafi. Na biya kuɗin makarantar yarinya na rage bashin shago. A daren na yi barci, amma kafin barcin na daɗe ina tunanin kunyar da na sha. Shekara 12 ina faɗin labarin mutane a bayan idonsu, ba wanda ya taɓa ce mini wa ya gaya maka. Rana ɗaya na faɗe shi a gabansu, aka kama ni kafin la'asar ta yi sanyi. Abin mamaki, kunyar ba ta kore ni ba. Na ji ina son in koma in yi daidai.

A farkon Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni ya rushe. Ginin ƙasa ne tun tsakiyar ƙarni na 19, wata uku kafin nan na tsaya gabansa da baƙi. Na je na tarar da mutane tsaitsaye, ba mai magana da ƙarfi, azara ta fito daga cikin tarin ƙasa. Tun ina yaro nake wuce shi, ban taɓa zama da wani dattijo na tambaye shi komai a kansa ba. Washegari na sayi littafi mai bango mai kauri na fara bin tsofaffi: magina, majema, dukawa abokan Baba, mahautan da ke hawan ƙaho da sallah, wani tsohon dogari. Nakan tafi da goro, in zauna, in yi shiru. Ba wanda ya sa ni, ba wanda zai biya. Littafi na uku nake ciki yanzu.

Daga nan ne tunanin mayar da abin sana'a ya shigo, sai na nemi mai baƙin tabarau. Yana nan da rai, ya tsufa, yana sayar da katin waya da goro a kan tebur kusa da Kasuwar Dole. Na gaishe shi na faɗa masa ko ni ɗan wane ne, ya gane ni. Da na faɗi abin da ke tafe da ni ya daɗe yana kallona. Ya ce: "Ɗana, in Nasara kake jira, nemi kujera." Ya lissafa mini da yatsu yadda kasuwarsu ta mutu: tawayen arewa na farkon shekarun 1990 da rikicin Aljeriya suka toshe hanyar Sahara, aka ɗan farfaɗo, tawaye ya dawo a 2007, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, daga nan sai ɗaiɗaiku. Ya ciro wani tsohon kundin hotuna da wasiƙun baƙinsa daga Faransa da Jamus da Italiya, takardun duk sun yi ja. Ya ce Agadas da ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 ma masu wannan aiki suna kuka, balle Birni da tun 2006 take jerin jira.

Na ce: "Baba, to in bari ke nan?" Ya ce shi bai ce ba. Ya ce aikin ba a baki yake ba kamar yadda mahaifina ya ɗauka. A ƙafa yake, da haƙuri, da sanin inda baƙo zai sha ruwa mai kyau, inda zai kama ruwa, inda zai yi salla, da lokacin da ya gaji ko da bai faɗa ba. Kada ka shigar da kowa gidan mutane sai ka riga ka je kai kaɗai ka nemi izini. Kada ka bari a ɗauki hoton mace ko almajiri kamar ana ɗaukar hoton raƙumi. In ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, ka nemo wanda ya sani. Da na taɓo maganar kamasho ya yi murmushi ya ce: "Ubanka yana da gaskiya rabi. Ni na kawo masa masu saye, amma na riƙa sa shi ƙara kuɗi don rabona ya fito, baƙon bai sani ba. In za ka yi, ka faɗi kuɗinka a fili tun farko, ka bar baduku da cinikinsa." Na so a ce Baba yana raye ya ji wannan.

A gida kuwa ban sami goyon baya da sauƙi ba. Inna cewa ta yi: "Duk karatun nan a ƙare a yawon lungu?" Sannan ta kawo maganar da ba ni da amsarta, ta Kure. A watan Agusta na 2020 an kashe Faransawa shida a wajen kallon raƙuman dawa, tare da direbansu da jagoransu, 'yan ƙasa. Ta ce wanda ke gaban baƙo shi harsashi ke fara samu. Na ce mata Kure tana can kusa da Yamai, kusan kilomita 900 tsakaninmu da Yamai, kuma ni cikin gari zan tsaya, baƙina ma masu salla ne irinmu. Ta ce Allah ya tsare, amma fuskarta ba ta saki ba, har yau kuma ba ta saki ba.

Matata ba ta yi gardama ba, lissafi ta yi. Ita ke rubuta duk fitar da na yi a bayan littafin cinikin alkakinta. Daga zuwan Alhaji zuwa yau na fita da baƙi sau 14. Akwai Kanawa da Katsinawa da Daurawa masu zuwa kallon hawan sallah, Kano ai ba ta kai kilomita 300 daga nan ba. Akwai ma'aikata daga Yamai da aka turo aiki suka sami yini ɗaya na hutu, akwai ɗaliban jami'a masu rubutun kammala karatu, akwai dangin amarya daga Maradi. Bature ko ɗaya babu. Da ta raba kuɗin a kan watanni, bai kai na hatsi da makaranta ba. Ga aikin yana da lokaci: da sanyi ana iya yawo, daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, ba mai bin ka kan duwatsu da rana tsaka. Ta ce: "Ban hana ka ba, na ga tun da ka fara kana barci. Amma kada ka saki reshe ka kama ganye."

Akwai kuma wata wahala da ban taɓa hangowa ba, wato faɗin kuɗi. Bature ya san ana biyan jagora. Bahaushe ɗan uwanka kuwa, in ka zaga da shi gari, a wurinsa karamci ka yi masa, kuma gaskiyarsa ne, haka aka tarbiyyantar da mu, baƙonka ba ka yi masa ciniki. Sau uku ina yini da mutane tun safe har magariba, a rabu da "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci", in koma gida a ƙasa don ba ni da na kabu-kabu. Wani kuma ya ba ka abin da ya ninka abin da za ka tambaya. Na gwada shawarar tsohon, in faɗa tun a waya cewa wannan aikina ne, yini kaza ne. Ranar farko da na faɗa sai da bakina ya yi nauyi kamar mai roƙo. Mutumin ya ce to madalla, gara haka, ya san abin da zai tanada. Wani kuma ya ce zai sake kira, bai sake ba.

Ni kaina akwai abin da ke ja na baya. Rubutu ya saba mini da zaman ɗaki, in goge in sake har jimla ta zauna. A gaban mutane babu gogewa. Kuma akwai girman kai, kada in yi wa kaina ƙarya. In aka ce marubuci, mutane kan gyara zama. In aka ce mai zagayawa da baƙi, sai a tambaye ka to aikin me kake yi. Wani tsohon abokin karatuna ya gan ni a ƙofar fada da baƙi, da dare ya kira ni yana tambaya cikin tausayi ko lafiya. Na fi kwana biyu ina jin zafin kiran nan.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wasu abokaina na cewa in yi haƙuri, aikin rubutun Hausa zai dawo har ya yi mana yawa. Mai yiwuwa. Ni dai abin da na lura da shi, littattafan nan uku da na cika da maganar tsofaffi sun fi duk abin da na rubuta a shekara 13 daraja a wurina, kuma ba don na fara yawon lungu ba da ba a yi su ba. Wataƙila ba barin rubutu zan yi ba, mai ba ni labarin ne ya sauya, da wanda zan tsaya gabansa in maimaita. Sai dai wannan ba ya sayen buhun hatsi, matata ta riga ta nuna mini a rubuce.

Makon jiya aka kira ni daga Yamai. Aikin wata uku ne, irin na da, a zaga ƙauyuka a rubuto labarin waɗanda suka amfana. Kuɗin zai biya sauran bashina har in sayi tsohon babur. Sun ce in ba su amsa kafin Alhamis. Na fi zaton zan karɓa, ina da 'ya'ya. Na dai gaya wa wanda ya kira ni cewa in na rubuta labarin mace, zan koma in karanta mata shi da Hausa kafin in aika, abin da ta ce ba haka ba ne in cire. Ya yi shiru, ya ce zai tambayi na sama da shi.

Kafin Alhamis ɗin akwai Laraba. Malamin ajin 'yata ya roƙe ni in zaga da ɗalibansa, yara 46, mafi yawansu haifaffun garin nan da ba su taɓa sanin cewa tudun ƙasar da suke hawa suna wasa ragowar ganuwar Tanimun ba ne. Ba su da abin biya, malamin ya ce kowa zai zo da ruwansa. Jiya da la'asar na je lungun nan na yi sallama, na durƙusa, na tambayi Iya ko zan iya kawo su ƙofar gidanta ta faɗa musu labarin zanen da bakinta. Ta ce yara nawa. Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce: "Arba'in da shida! To ka kawo su da hantsi kafin rana ta yi zafi, ka ce musu ban da taɓa bango. Kuma goron da ka kawo wancan karon ya bushe, ka canza mai sayar maka."